Burodin Titin Cherche-Midi da Tanderun Kakata

A kwana na huɗu da saukata Paris ɗan yayana ya shigo da shirin kai ni hasumiyar Eiffel. Na ce masa hasumiya ba inda za ta je, ni dai yau gidan burodi nake so ya kai ni. Ya ce, "Goggo, ai ga gidan burodi nan a ƙasan benen nan, wani kuma a kan kwana." Na ce ba su nake nufi ba. Na miƙa masa takardar da na rubuto tun daga Kano: Poilâne, lamba 8, titin Cherche-Midi.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sana'ar fulawa a gida, cincin da kek da burodin sayarwa. Kafin ni kuwa kakata ta wajen uwa gurasa take yi a cikin birni, kusa da Jakara. Na tashi ina ganin ta tun kafin asalatu tana hura tanderu da kara, tana tsoma hannu cikin ruwa ta ɗebo kwaɓi ta manna a jikin tukunyar da ta yi jawur, ba tare da ta ko runtsa ido ba. Gashin hannunta na dama duk wuta ta cinye. Tun ranar da na ji cewa akwai wani gida a tsakiyar Paris da har yanzu da itace ake gasa burodinsa, kuma manyan mutane na bin layi su saya, na ƙudurta cewa in Allah ya kai ni sai na gani da idona.

Ɗakin da yaron nan yake haya yana kusa da Château Rouge, a arewacin birnin, unguwar da in ka fito kasuwar titin Dejean za ka rantse kana wani gari ne a Afirka ta Yamma: ga kuɓewa, ga busasshen kifi, ga manja a gorori, ga atamfa rataye, mata na ciniki da Bambaranci da Lingala da Wolof. Nan muka shiga metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, layi na 4. Ba mu canza jirgi ba. Muka wuce Barbès da Gare du Nord da Châtelet, jirgin ya bi ta ƙarƙashin kogin Seine, kafin rabin sa'a mun sauka a Saint-Sulpice. Abin da na lura da shi a hanya shi ne yadda fasinjojin suka riƙa canzawa tasha bayan tasha. Masu buhunan kasuwa da goyo suka ragu, masu dogayen kwat na ulu da ƙananan karnuka suka ƙaru. Layi ɗaya ne, amma ƙarshensa biyu kamar ƙasashe biyu.

Watan Nuwamba ne, sanyin kuwa irin mai shiga ƙashi, ba irin na hunturunmu mai busar da leɓe ba, wannan jiƙaƙƙe ne. Unguwar tana cikin gunduma ta 6, yankin Saint-Germain-des-Prés, ɗaya daga cikin wuraren da gida ya fi tsada a Paris baki ɗaya. Shagunan takalma da jakunkuna ne jere, kowanne da kaya uku ko huɗu kacal a bayan gilashi, ba hayaniya, ba mai kiran mai saye. A mahaɗar da titin ya fara akwai wani mutum-mutumi na ƙarfe, rabi mutum rabi doki, da wani masassaƙi mai suna César ya ƙera. Daga nan ba mu yi taku ɗari ba hancina ya riga idona isa. Ƙamshin hayaƙin itace ne gauraye da na alkama mai gasuwa, da wani ɗan tsami-tsami a ƙarƙashi. Na tsaya cak a kan titi. Shekara ashirin da rasuwar kakata, amma wannan ƙamshin ya mayar da ni soron gidanta a take.

Shagon ƙarami ne ƙwarai. Da ba don sunan da aka rubuta a sama da mutanen da suka yi layi a waje ba, da sai mu wuce shi. Fuskar ginin bulo ce da katako, ba fitilu masu walƙiya, ba allo mai ƙyalli. A bayan gilashi an jera manyan burodi masu faɗi, zagayayyu kamar faifai, launin ƙasa-ƙasa mai duhu, an barbaɗe su da fulawa, kowanne an tsaga harafin P a bayansa da reza kafin ya shiga wuta.

Muna cikin layi yaron ya matso kunnena. "Goggo, da kin sa ƙafa ciki ki ce bonjour, ki kalli matar. In ba ki ce ba, a wurinsu kamar kin faɗa gidan mutum ba sallama ne." Na ce wannan ai tarbiyyarmu ce, ba sai an koya mini ba. Kuma haka na gani: kowa ya shiga sai ya gaisa, kowa zai fita sai ya yi godiya ya yi sallama, ko da yanka biyu ya saya.

Ciki ba zai ɗauki mutum takwas a tsaye ba. Kantocin katako ne a jikin bango, burodin a jingine a kansu, matan da ke sayarwa sanye da rigunan aiki na lilin. Ba ka taɓa komai da hannunka. Ka faɗi abin da kake so, a ɗauko, a naɗe a takarda, sannan ka juya wurin wata da ke zaune a teburin karɓar kuɗi kusa da ƙofa. Babban burodin nan sunansa miche, nauyinsa ya kusa kilo 2. Na ɗauka dole sai mutum ya saye shi sukutum, ashe ana yanka rabi, ana yanka kwata, har yanka-yanka ana aunawa a sikeli a sayar. Wata tsohuwa da ke gabana, da sandarta da jakar saƙa, yanka uku ta saya. Aka auna mata, aka naɗe mata da irin ladabin da aka yi wa mutumin da ya sayi guda biyu cur. Wannan ya burge ni fiye da yadda zan iya faɗa. A wurare da yawa mai ƙaramin ciniki shi ake bari a tsaye.

Na duba ko'ina ban ga baget ba, dogon burodin nan mai kama da sanda da duk duniya ta san Faransa da shi, wanda danginmu na Maraɗi ke karyawa da shi kullum safiya. Na sa yaron ya tambaya. Matar ta yi murmushi ta ce ai gidan nan ba da baget aka san shi ba, nasu burodin ƙauye ne, irin na da.

A nan labarin yake. Pierre Poilâne, mutumin Normandi, shi ya buɗe shagon a 1932. Abin da yake gasawa shi ne burodin da manoman Faransa suka ci shekaru aru-aru: babba, mai duhu, mai tsami, wanda za a gasa sau ɗaya iyali su yi mako suna yanka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutane suka juya wa irin wannan burodi baya, domin yana tuna musu da shekarun yunwa da rabon abinci da kati. Kowa fari yake so, mai laushi, na fulawar da aka tace tas. Masu gidajen burodi suka bi kasuwa, suka sayi injuna da murhun lantarki da na gas. Pierre ya ƙi. Ɗansa Lionel, wanda ya shiga aikin yana ɗan shekara 14, ya karɓi gidan a 1970, shi ma ya ƙi, ya kuma kai sunan burodin har Amurka da Japan. Da buƙata ta yi yawa bai koma inji ba, sai ya gina wani wuri a Bièvres, bayan gari, ya jera murhun itace 24 irin na asali, kowane murhu da ma'aikacinsa. A ranar 31 ga Oktoba 2002 jirgi mai saukar ungulu da yake tuƙawa ya faɗa teku a gaɓar Bretagne, wani yanki na Faransa, shi da matarsa suka rasu. 'Yarsu Apollonia tana da shekara 18 ta karɓi ragamar gidan, ta haɗa da karatu a jami'ar Harvard, har yau kuma ita ke riƙe da shi.

Ina jin wannan labarin zuciyata na kan yarinyar. Shekara 18, uwa da uba sun tafi rana ɗaya, ga ma'aikata na kallon ta, ga murhu da ba a bari ya huce. Allah ya jiƙan iyayenmu. Na san gidaje da dama a Kano da sana'a ta mutu ranar da aka kai mai ita makwanci, har da gidanmu. Tanderun kakata yana nan a bayan ɗaki, an kifa masa tsohon kwano, kaji na ƙwai a gindinsa.

Abu huɗu ne kawai a cikin burodin: garin alkama da aka niƙa da dutse, ruwa, gishirin teku na Guérande, da tsami. Ba sukari, ba mai, ba madara, ba yis na leda. Tsamin nan shi ne ran abin. Duk kwaɓin da aka yi sai a gutsuri wani a ajiye, shi zai tayar da na gaba, na gaban ma a gutsura, haka abin ke tafiya hannu zuwa hannu. Duk macen da ta taɓa zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara don ta kwana ta zama kindirmo ta san wannan hikimar. Haka mai ƙullun masa da ke barin sa ya kwana ya tashi. Bambancin kawai shi ne su sun riƙe nasu sun ba shi daraja, sun rubuta shi a littafi, sun sa masa farashi. Kwaɓin yana hutawa ne a cikin kwanduna da aka shimfiɗa wa ƙyallen lilin, murhun kuma yana ƙarƙashin shagon, a ɗakin ƙasa. Ana hura itace har bulon ya ɗauki zafi, sai wuta ta lafa a zura burodin da doguwar matuƙa ta katako, zafin da bulo ya riƙe shi ke gasa shi, wajen sa'a guda. Ka cire girman murhun da siffarsa, wannan shi ne aikin tanderu: ba harshen wuta ke gashi ba, jikin ƙasar da ta sha wuta ne. Ina tsaye ina jin ɗumi na tasowa ta tafin takalmina.

Akwai wani ɗan ɗaki a bayan shagon da na hango ta ƙofa, bangonsa cike da zane-zanen burodi. A zamanin Pierre masu zane na unguwar, waɗanda ba su da ko sisi, sukan ba da zane a ba su burodi. A rufin ɗakin kuma fitila ce mai rassa da aka yi da kwaɓin burodi aka gasa, abin da ya samo asali daga hulɗar Lionel da mai zanen nan na Sifaniya, Salvador Dalí, wanda ya taɓa sa aka gasa masa kayan ɗaki na burodi. Na kalla, na yaba gwanintar, amma ba shi ya kawo ni ba.

Kafin in zaɓi kayan zaƙi na sa yaron ya yi tambayar da ba na wasa da ita a ƙasar nan: da wane mai aka yi, kuma akwai giya a ciki? Wannan wajibi ne ga duk Musulmin da zai shiga irin waɗannan shaguna a Faransa, domin akwai kek ɗinsu da ake jiƙawa da barasa, kamar wanda suke kira baba au rhum, akwai kuma masu cikin naman alade. Matar ba ta nuna gajiya da tambayar ba. Ta nuna mana ɗan fanken tuffa da biskit, ta ce man shanu ne zalla. Na sayi rabin miche, fanken tuffa biyu, da leda ɗaya ta biskit ɗin.

Biskit ɗin sunansa punitions, wato horo. Akwai kwandonsa a kan teburin biya, kowa ya ɗauki ɗaya kyauta. An ce kakar Pierre ce takan kira jikokinta da murya kamar za ta hore su, in sun zo a tsorace sai ta buɗe hannu su ga biskit. Sirara ne, zagayayyu masu ƙananan haƙora a gefe, fulawa da man shanu da sukari da ƙwai. Wasu farare-farare, wasu sun yi ja, domin wutar itace ba ta gasa komai daidai wa daida. Na sa ɗaya a baki ya narke kafin in tauna sau uku. A matsayina na mai wannan sana'a na san ba wani sirri a ciki sai kyawun man. Ba abin da za ka ɓuya a bayansa: in man ba shi da kyau, biskit ɗin ya tona ka.

Maganar kuɗi kuwa, da tsada, ba sai an faɗa ba. Yaron yakan juya komai zuwa sefa saboda ya yi karatu a Yamai, yuro ɗaya kusan sefa 656, ni kuma ina juyawa zuwa naira. Amma da na ɗaga rabin burodin nan na ji nauyinsa a hannu, na tuna kwana nawa zai yi ana ci, sai na ga a kan kilo bai fi ƙarfin ma'aikaci ba. Kayan zaƙin ne na masu hali.

Ba wurin zama a shagon. Muka taka zuwa lambun Luxembourg, tafiyar minti goma, muka sami kujerun ƙarfe koraye kusa da tafkin da yara ke tura ƙananan jiragen ruwa. Na buɗe takardar a kan cinyata. Ɓawon yana da kauri, ya yi duhu har yana neman ƙuna a gefe, in ka ƙwanƙwasa shi da yatsa sai ya amsa kamar ƙwarya. Cikin ba fari ba ne, ruwan toka ne mai ɗan ja, da ƙananan ramuka marasa tsari, a matse, da danshi. Na yi bismilla na gutsura.

Gaskiya loma ta farko ba ta yi mini daɗi ba. Harshena ya saba da burodinmu mai sukari da laushi, wanda za ka matse shi a tafin hannu ya koma kamar ƙwallo. Wannan sai ka tauna, muƙamuƙi ya yi aiki. Tsamin ya fara zuwa, sannan ɗan ɗacin ɓawo, sai can daga baya zaƙin alkamar kanta ya fito, irin wanda kake ji in ka tauna ɗanyen ƙwayar alkama a gona a Kadawa. A loma ta uku na daina kwatanta shi da burodi, na fara kwatanta shi da tuwo: abinci ne mai riƙe ciki, mai neman miya. Yanka biyu na ci, ban sake neman komai ba har magariba.

Yaron ya fi son baget, ya kuma kare ta da hujja. Ya ce ita ma ba a barin ta sakaka. Tun 1993 gwamnati ta kafa doka cewa duk burodin da za a kira na gargajiyar Faransa ba za a sa masa sinadaran ƙari ba, ba kuma za a daskarar da kwaɓinsa a firji ba. Wata dokar ta 1998 ta hana kowa rubuta boulangerie a ƙofar shagonsa sai in a nan ake kwaɓawa a nan ake gasawa. A Nuwamban 2022 hukumar UNESCO ta sa sana'ar baget cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Kowace shekara kuma, tun 1994, birnin Paris na shirya gasa, wanda ya ci shi zai riƙa kai burodi fadar shugaban ƙasa ta Élysée tsawon shekara. Ya faɗa mini da alfahari cewa Djibril Bodian, haifaffen Senegal mai gasa burodi a Montmartre, ya ci gasar nan sau biyu, a 2010 da 2015. Ya ce in kin leƙa ɗakunan gashi na birnin nan da ƙarfe uku na dare, Goggo, 'yan Tunisiya da Maroko da Mali da Senegal za ki tarar da yawa a bakin murhu.

Dokokin nan su suka tsaya mini a rai muna zaune a wurin. Mutanen nan sun ga sana'arsu na mutuwa, gidajen burodi na rufewa ɗaruruwa kowace shekara saboda na manyan kantuna, sai suka tashi suka yi mata katanga. Mu kuwa hukumar NAFDAC ta daɗe da haramta sinadarin bromate da ake zubawa don burodi ya kumbura, amma har gobe mai saye ba ya tambaya, shi dai ya ga ƙato mai arha. Gurasa kuwa, da alkaki, da finkaso, da algaragis, ba wanda ya rubuta yadda tsofaffinmu ke yin su. Na tambayi kaina sau nawa na zauna kusa da kakata ina cin gurasa da zafinta, ban taɓa cewa ta nuna mini yadda take gane tanderu ya yi ba. Na san dai takan miƙa bayan hannunta a bakinsa ta ɗan yi shiru. Abin da take ji a wannan shirun ya tafi tare da ita. Hawaye ya zo mini, yaron ya ga haka ya kau da kai ya bar ni.

Ragowar burodin muka koma da shi Château Rouge. Matar shagon ta ce kada a sa shi a leda ko firji, a naɗe shi a ƙyalle a kifa wajen yankan a kan katako. Haka na yi. Kwana biyu, kwana uku, bai yi fumfuna ba, bai bushe ba, tsamin ma sai ƙara zama yake yi. Baget ɗin da yaron ke saye da safe kuwa kafin dare ta zama icce.

A rana ta biyar da sayen burodin, ana gobe zan taso, ɓawon ya yi tauri sosai. Na buɗe jakata na ciro garin ƙuli-ƙuli da yajin da na kawo wa yaron daga gida. Na aike shi kasuwar Dejean ya sayo man gyaɗa da albasa da tumatir da kokwamba. Na yanka burodin da kauri, na yayyafa masa ruwan ɗumi kamar yadda ake yi wa gurasar da ta kwana, na barbaɗa ƙuli, na zuba mai, na jera albasa a kai. Ya sha man bai dagargaje ba. Yaron ya kira abokansa biyu da ke hawa na sama, ɗaya ɗan Damagaram ɗaya ɗan Agadas, muka shimfiɗa leda a ƙasa muka kewaye tire ɗaya. Ɗan Damagaram ya ci loma biyu ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, a ina kika samo gurasa a garin nan?"

Ƙarshen ɓawon, wajen da rabin harafin P yake, na naɗe shi a ƙyalle na sa a jakar hannu don in kai wa mahaifiyata. Da na isa Kano na tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta karɓa ta shinshina, ta gutsura ta daɗe tana taunawa. Sannan ta ce in kira yara su ɗauke kwanon da ke kan tanderun, a duba ko bai tsage ba.